Munduwar Birnin Karzun

Ku gyara zama, ya ku masu son jin labarin nesa. Sunana Torjus ɗan Asmund, mutumin ƙasar Norway, daga can ƙuryar arewa inda ƙanƙara ke toshe ƙofar ɗaki, rana kuma ta yi wata biyu ba ta leƙo ba. Abin da zan ba ku na gan shi da idona, na taka shi da ƙafata, tabonsa kuma yana nan a idon sawuna na hagu ga mai son dubawa.

Ubana masunci ne. Uwata ta rasu ina ƙarami, yayata Runa ce ta raine ni. Tun ina yaro nake buga ƙwallo, amma duk ranar da muke da wasa Baba yana kan teku, don kifi ba ya jiran kowa ya gama kallon tamaula. Idan na yi masa ƙorafi sai ya ce, "Ka zama gwani tukuna, ni kuwa zan zo in zauna a gaba in gani." Na riƙe maganar nan a raina har na cika shekara goma sha tara, aka ɗauke ni wasa a ƙasashen waje, bai ga na buga ko sau ɗaya ba.

Wurin da na fara sauka shi ne Birnin Gilashi. A can filin wasa yana da rufin da ke buɗewa da rufewa, ana ɗumama ciyawa ta ƙarƙashi, ana taje ta kowace safiya. Mu arba'in ne 'yan wasa, sha ɗaya ake buƙata. Shekara guda na yi a kan benci, har ya san zamana na san nasa. Daga nan aka ba da arona ga Ƙasar Gishiri, inda fili fari ne fat, ba ciyawa ko tsinke. Wanda ya faɗi a can ba ya buƙatar a ce masa ya tashi, raɗaɗi ne ke tayar da shi. Ƙwallo kuwa ba ta tafiya yadda aka aike ta, sai ta yi tsalle ta kauce. Don haka kullum bayan atisaye nakan tsaya ina buga ta a jikin duwatsu da turaku ina lura da inda za ta koma, har na kai idan na nuna dutse na san ramin da za ta faɗa bayan ta doke shi. A lokacin na ɗauka wasan banza nake yi don kashe kewa.

Wata rana dillalina ya zo da kwantiragi mai shafi arba'in daga birnin Karzun. Ya ce a can zan buga kowane wasa. Jin haka kawai na karɓi alƙalami na sa hannu, ban karanta ko layi ɗaya ba. Da na karanta, da na ga inda aka rubuta cewa ɗan wasa ya yarda zai bi al'adun gari duka.

Karzun birni ne a kan dutse, a tsakiyar wani tafki mai zurfi da sanyi. Ganuwa ta kewaye shi, ƙofarsa ɗaya, gadarsa ɗaya. Mutanensa suna son ƙwallo so na fitar hankali. A bayan kowace raga akwai kujeru uku na tsofaffin mata da ake kira Masu Shaida, babbarsu Iya Marzuwa. Idan ƙwallo ta shiga, alƙalin wasa ya busa usur ɗinsa, amma ba wanda zai yi shewa sai tsofaffin nan sun faɗi sunan wanda jikinsa ya taɓa ta daga ƙarshe. Abin ya ba ni dariya da farko.

Na fara wasa da ƙafar dama. Na ci a wasan gida na farko, na ci a na biyu, na yi ta ci. A na shida wani dattijo mai sharar fili, ana ce masa Baba Ilarion, ya tare ni a bakin ɗakin sauya kaya.

"Ɗana, in da ni ne kai, da wasa mai zuwa ƙafata ta yi ciwo."

"Lafiyata ƙalau, Baba," na ce masa ina dariya.

Ya dube ni, ya dubi tsintsiyarsa, ya ci gaba da shara.

A wasa na bakwai na zura biyu. Kafin in share gumi mutane sun cika fili. Suka ɗaga ni sama, suka kai ni dandalin gari da ganguna, maƙeri ya zo ya ɗaura mini munduwar tagulla mai ƙananan ƙararrawa a idon sawun hagu, ya liƙe bakinta da wuta. Iya Marzuwa ta ɗora hannu a kaina ta ce daga yau ni ne Ƙafar Gari. Aka ba ni gida mai hawa uku, masu dafa abinci, da mai wanke mini ƙafa da ruwan ɗumi. Na yi ta murna, ni sakarai.

Mako na zagayowa ƙungiya za ta tafi wasan waje. Na ɗauki jakata na nufi mota, sai masu tsaron ƙofa suka durƙusa a gabana cikin ladabi suka tare hanya. Mota ta haye gada ba ni. Na koma fili raina a ɓace, na tarar da Baba Ilarion. Ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna mini wani farin tabo da ya zagaye idon sawunsa.

"Wanda ya ci a wasan gida bakwai a jere, sa'ar gari ta koma ƙafarsa," ya ce. "Haka suka yarda. Sa'a kuwa ba ta haye gada."

"Har yaushe?"

"Sai ka buga wasan gida uku a jere, daga farko har ƙarshe, ba ka ci ba. Kuma dole a ci nasara a dukkan ukun, don ba sa sallamar sa'a ranar baƙin ciki. In aka yi canjaras ko aka sha kashi, a sake daga farko."

"Kai shekara nawa ka yi?"

"Sha huɗu. Ranar da aka cire mini, na je bakin gada na tsaya, na rasa wanda zan je wa. Duk sun mutu. Yanzu ko harshen garinmu sai in yi da gaske nake tuna gaisuwa."

Na kira dillalina. Ya karanta mini layin da na sa wa hannu, ya ce in yi haƙuri, ai ana sona. Na haƙura ɗin, na yi wata biyar a haka. Ina ci, ana yi mini waƙa, duk inda na taka ƙararrawa na sanar da zuwana. Na san yawan matakan da ke kan ganuwa daga ƙofa a dawo ƙofa. Idan 'yan uwana 'yan wasa suka dawo daga tafiya suna ba da labarin hanya, sai in tashi in bar musu wurin.

Waya ba ta kamawa a Karzun sai a kan ganuwa. Wata safiya ina can sama Runa ta kira ni, muryarta ba daɗi.

"Torjus, idon Baba yana rufewa. Daga gefe yake cinyewa yana matsowa tsakiya. Ya daina fita teku."

"Me likita ya ce, Yaya?"

"Wata uku kafin ya daina gani, in an yi sa'a. Ya hana ni faɗa maka. Amma jiya na same shi yana tambayar maƙwabci ko akwai jirgin da ke zuwa garin da kake."

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na sauka na tafi gidan Iya Marzuwa, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, har ta share hawaye da bakin mayafi.

"Allah ya ba shi lafiya, ɗan nan. Amma ba ni na ɗaura maka ba, gari ne. In na sake ka aka sha kashi, gidana za su rushe."

Sai na yanke shawarar gudu. Ranar tafiya wasan waje na cusa auduga a cikin ƙararrawar, na shige babban kwandon rigunan wasa na lulluɓe. Aka ɗora ni a mota. Muna tsakiyar gada tayar mota ta faɗa wani rami, audugar ƙararrawa ɗaya ta fita, ta yi ƙara sau ɗaya tak. Mota ta tsaya. Aka buɗe kwando. Na zaci duka zan sha, amma ba wanda ya ko harare ni. Ɗaga ni suka yi a kafaɗa suka mai da ni gida da kiɗa, mata na guɗa suna cewa sa'a ta je gaida tafki ta dawo. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya rage shi ne hanyar al'ada. Wasan gida kuwa sau ɗaya ake yi a mako biyu. A na farko na yi ta ɓarar da ƙwallo, wani ya ci ɗaya, muka yi nasara. A na biyu sau uku ina samun kaina daga ni sai mai tsaron gida, sau uku ina harba ta sama. Ba wanda ya ci mana, baƙi suka zura ɗaya ana dab da tashi. Lissafi ya koma farko, wata guda ya tafi a banza. Na gane cewa ƙungiyar ta saba da ni har ta manta hanyar raga. In na ci, na zauna. In ban ci ba, a sha kashi, in zauna.

Washegari a wurin atisaye haushi ya ishe ni, na ɗirka wa ƙwallo ƙafa ba tare da na duba ba. Ta doki bayan Bardu ta faɗa raga. Bardu mai tsaron baya ne, haifaffen Karzun, ƙato mai nauyin jiki, shekararsa talatin da shida, bai taɓa cin ƙwallo ba tun da ya fara wasa. Mutumin kirki ne, shi ke kawo mini gasasshen kifi daga gidansu don ya ga ina kewar gida. Ya ɗaga hannu yana zagaya fili da gudu, kowa na dariya. Baba Ilarion ya jingina da tsintsiyarsa kusa da ni, ya yi magana ƙasa ƙasa ba tare da ya kalle ni ba.

"A garin nan ba a tambayar wanda ya buga. Wanda ta taɓa daga ƙarshe ake tambaya."

Nan take duwatsun Ƙasar Gishiri suka faɗo mini a rai. Na ja Bardu gefe.

"Yaya Bardu, daga yau duk bugun kusurwa ko na tazara, ka taho gaba ka tsaya kusa da turken raga."

"In yi me a can? Ni ko da kai ban iya sa ta ba."

"Kada ka yi komai. Ka tsaya kawai."

Ban faɗa masa dalili ba, kuma har yau abin yana damuna.

A wasan farko na buga kusurwa, ƙwallo ta lanƙwasa ta doki ƙeyarsa ta shige. Masu Shaida suka haɗa kai, Iya Marzuwa ta miƙe ta ce, "Bardu." Filin ya fashe da shewa. A na biyu bugun tazara ne, ta bugi ɗuwawunsa lokacin da ya juya baya don tsoro, ta wuce mai tsaron gida. Gari ya ɗauka. Masu waƙa suka fara saka sunansa, mahaifiyarsa ta yanka rago. Shi kuwa ya fara tafiya yana ɗaga ƙirji, yana ce mini, "Ƙanena, ashe abin yana jikina tun da daɗewa."

Kafin wasa na uku na hau ganuwa na kira Runa. Ta ce Baba ya daina gane mutum sai ya tsaya daidai gabansa. Ta ce in yi sauri.

Baƙin ranar sun yi nazarinmu. Suka sa mutum biyu suka manne wa Bardu a duk bugun kusurwa. Na buga bakwai, ko ɗaya ba ta kai gare shi ba. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, aka dawo ba ci, har minti tamanin da tara. Sai ga wata doguwar ƙwallo daga baya ta faɗo gabana. Na wuce mutum ɗaya, na wuce na biyu, mai tsaron gida ya fito ya zube, na kewaye shi. Ga raga a buɗe, ba kowa, taku ɗaya tsakanina da layi. Ƙafata ta ɗaga da kanta, don abin da aka koya mata ke nan tun tana ƙarama. Da ƙyar na dawo da ita na taka ƙwallon na tsaya.

Mutum dubu talatin suna ihu in buga. Na waiga, na hango Bardu can tsakiyar fili, ya dafa gwiwa yana haki.

"Bardu, taho!"

Ya ɗago kai ya fara gudu, irin gudun mai ɗauke da buhun hatsi. Masu tsaron bayan baƙi suka riga shi isowa. Na juya musu baya na kare ƙwallon da jikina. Ɗaya ya tokare ni a haƙarƙari, ɗaya ya taka mini munduwar har ta nutse cikin nama, na ji jini na bin safata. Na ja ƙwallon zuwa gefen turke, na dawo da ita, na ga alƙalin wasa ya duba agogo ya kai usur baki. Bardu bai iso ba, saura masa taku goma, sai ƙafarsa ta harɗe ya kifa. Yana cikin faɗuwa na auna shi na buga da duk ƙarfina. Ta doki goshinsa ta dawo, ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron baya, ta gangara a hankali ta haye layi.

Iya Marzuwa ta daɗe tana kallona kafin ta miƙe. Daga bisani ta ce, "Bardu."

Washegari da hantsi maƙeri ya yanke munduwar a bakin gada. Iya Marzuwa ta karɓe ta ta naɗe a ƙyalle, ta matso kusa da kunnena.

"Tun wasan farko muka ga abin da kake yi, ɗan nan. Tsufa muka yi, ba wauta ba. Al'ada ta ce a faɗi wanda ta taɓa daga ƙarshe, shi muka faɗa. Ka gaida mahaifinka."

Na ɗauki jakata zan taka gada, sai na ji an riƙe mini hannu. Bardu ne, goshinsa a kumbure.

"Baba Ilarion ya faɗa mini," ya ce. "Ban ji haushi ba. Amma ina da uku yanzu, saura huɗu. Tun ina yaro nake mafarkin munduwar nan. Ni ba inda za ni, a nan aka haife ni, a nan za a binne ni. Wata biyu kawai, ƙanena. Ka tsaya ka cika mini."

"Yaya Bardu, ubana ba shi da wata biyu."

"To wata ɗaya. Sauran biyun in gwada da kaina."

Na kasa kallon fuskarsa. Na zare hannuna a hankali na ce ya yafe mini. Da na kai ƙarshen gada na waiga, yana nan tsaye inda na bar shi. Daga baya na ji bai ƙara cin ƙwallo ba har ya daina wasa.

Kwana huɗu na yi a hanya, mota da jirgin sama da jirgin ruwa. Na isa ƙauyenmu da tsakar rana, lokacin bazara, haske ya cika ko'ina. Runa ta fito da Baba ta zaunar da shi a kujera a ƙofar gida, inda tudu ke gangarawa zuwa teku. Ya rame. Na gaishe shi, na rungume shi, amma sauri nake, don abin da na ɗauko a raina tun daga Karzun shi ne ya ga wasana. Na zaro ƙwallo daga jaka, na ja baya, na fara. Na ɗaga ta da ƙafa, na tare da ƙirji, na ɗora a goshi, na juya, na yi duk abin da na koya a ƙasashe uku. Ina yi ina satar kallonsa. Kansa na ta juyawa hagu da dama, yana neman inda nake.

"Torjus," ya ce, "ajiye abin nan."

"Baba, ai ka ce za ka zauna a gaba ka gani."

"Na ce. Amma ganin da ya rage mini bai fi bakin kwalba ba. In kana motsi ba na samunka. Zo nan ka tsaya wuri ɗaya."

Na saki ƙwallon na je na durƙusa a gabansa. Ya kama kaina da hannu biyu ya juya ni wajen haske. Ya fara daga goshi, ya sauko kan ido ɗaya, ya koma ɗayan, yana bi kaɗan kaɗan don fuskar ba ta shiga masa gaba ɗaya. Ya daɗe a kan hanci. Da ya kai haɓa sai ya yi murmushi.

"Ashe har ka yi gemu."

"Na yi, Baba."

"Kada ka motsa. Bari in sake daga sama."

Ƙwallon ta gangara tudu ta faɗa ruwa, ba wanda ya bi ta. Gwiwoyina suka yi tsami, hawaye na zuba, ban ɗaga hannu na share ba don kada in ɓace masa. Sau uku ya bi fuskata daga goshi zuwa haɓa a ranar. Bayan kwana tara hasken ya ɗauke gaba ɗaya.

Iyakar abin da na gani ke nan a yawona, ni Torjus ɗan Asmund. Wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba.